Zanen Mama a Ƙugun Gwanda

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wa gwanda kwalliyar amare ba. Ko na so in manta, matan unguwarmu a nan Zuru ba za su bari ba, don har yau in na fito ɗibar ruwa akwai wasu kalmomi biyu da suke gaishe ni da su. Zan faɗa muku kalmomin, amma ku bari mu isa wurin. Ku kuma yi haƙuri da rubutuna, ban gama firamare ba, yadda abin yake a bakina haka zan zuba muku shi.

Bari in fara da ɗana Ayuba, don saboda shi aka yi komai. Bakwaini na haife shi. Ranar da aka miƙo mini shi a asibiti sai da na buɗe tawul na leƙa, in tabbatar akwai mutum a ciki. Babansa soja ne, yana can wurin aiki, sai dai waya. Ni kuwa ga ƙuruciya, ga haihuwar fari, ga zama a gidan surukai. In yaron ya yi atishawa in saɓe shi sai asibiti. In ya wuni bai yi ba in ce me ya toshe masa hanci. In barcinsa ya yi nauyi in kai yatsa bakin hancinsa in ji ko iska na fita. Nas ɗin wurin awo har ta san ƙarar silifas ɗina, tun ban shigo ba take cewa, "Maman Ayuba, yau kuma da me ya yi miki laifi?"

A gidanmu can Dabai, innata tana da wata al'ada (ban ce ta kowa da kowa ba ce, tata ce ita kaɗai). Duk ɗan da ta haifa, in cibiyarsa ta faɗi, sai ta binne ta a bayan ɗaki ta dasa itace a kai. Tawa goba ce, tana nan har yau, 'ya'ya take yi kamar an aiko ta. Na yayana lemo ne. Shekarar da ya yi wani ciwo mai tsanani lemon ya zubar da ganye, da ya warke lemon ya toho. Ko haɗuwa ce kawai, oho. Ni dai ina yarinya na gani da idona, kuma abin da ya shiga kai da ƙuruciya ba ya fita da wanki.

Don haka da cibiyar Ayuba ta faɗi, na naɗe ta a tsumma, na binne a bayan ɗakina, na zuba 'ya'yan gwanda a kai. Ban gaya wa kowa ba. Surukata, wadda duk gidan muke kira Mama, babba ce a zumuntar matan cocinmu, kuma ba abin da ta ƙi jini kamar camfi. In ta ji ka ce kada a yi shara da magariba, sai ta ɗauko tsintsiya ta share har ƙafarka.

Iri ya fito da yawa, kaji da awaki suka yi biki, guda ɗaya ta tsira. Na kife mata tsohon kwando, na kewaye ta da ƙaya, ruwan wankan Ayuba kuma nata ne. Gwanda na girma, yaro na girma. Duk ranar da nas ta ce ya ƙara nauyi, kafin in kira babansa sai na fara zagawa bayan ɗaki na gaya wa gwanda. (Ee, na sani. Ku riƙe dariyarku, za ku buƙace ta nan gaba.) Kafin damina ta ɗauke ta wuce ni tsawo, Ayuba kuma ya fara zama, ya yi kumatu har ana iya ja.

Sai ga fure. Kai, ranar na yi murna. Wasu dogayen sillaye ne suka zubo daga wuyanta suna reto, kowanne ɗauke da ƙananan farare kamar 'yan kunnen amarya. Da yamma ƙamshinsu har cikin ɗaki, kuma in rana ta faɗi wasu ƙwari masu kama da malam-buɗe-littafi sukan zo su yi ta shawagi a kansu, su tashi su nufi wajen gwandojin Mama guda biyu da ke bakin makwarara. Na ce a raina, in fure ya kai haka yawa, ai 'ya'yan sai an sa mata tokari. Na ruga na jawo Mama ta zo ta gani.

Ta zo, ta ɗaga kai, kallo ɗaya ta yi.

"Namiji ne," ta ce.

"Wa, Mama?"

"Gwandar taki. Ba ki ga furen yana lilo ba? Ta mace a jikin uwa furenta yake, babba guda. Wannan ko shekara goma ya yi ba ya ba ki ko ɗa ɗaya. Sai shan ruwa da yi wa yakuwata inuwa." Ta kakkaɓe hannu. "Asabar in na dawo daga taron zumunta Babanku ya sare shi, in sa barkono a wurin."

Ta juya abinta. Ni kuwa abu ɗaya kawai na hango. Adda a kan cibiyar ɗana. Ga kuma wata sabuwar damuwa da ta hau kan ta farko: itacen Ayuba ba ya haihuwa. Yaron da ko haƙori bai fitar ba, ni har na hango shi da furfura yana zaune shi kaɗai ba ɗa ba jika. Na koma ɗaki na dube shi yana tsotsar babban yatsan ƙafarsa, na fashe da kuka.

Ba halin in gaya wa Mama gaskiya. Sai na kira Rifkatu, ƙanwar mijina, da ke karatu a makarantar aikin gona tana kwana can. Na ce ko akwai maganin da ake zuba wa gwanda ta yi 'ya'ya.

"Matarmu, tsaya. Furen yana reto?"

"Yana reto."

"Dogaye, da yawa?"

"Kamar jelar doki."

Sai na ji ta buga ihu tana gaya wa wasu a gefenta, "Na samu namiji, a gidanmu ma." Ta ce mini tana nan zuwa, ta kashe waya. Ba ta ce yaushe ba, ba ta ce don me ba. Na ce lallai, ga wadda na nufa da kukana ta mayar da ni abin nishaɗin ƙawayenta.

Wadda ta share mini hawaye ita ce Maman Ebuka, mai shagon kayan masarufi a bakin layinmu. Ta fi shekara ashirin a Zuru, ba abin da ba ta da maganinsa, daga kunamar da ta harbi yaro har mijin da ya daina cin tuwo. Na je sayen sabulu, ta ga idona, ta ce in zauna. Ban faɗi zancen cibiya ba, na ce dai ina son gwandata.

"Wannan ne ya sa ki kuka? A garinmu ba ma sare namijin gwanda, mayar da shi mace muke yi. Ki samu ƙusa ki buga masa. Sannan ki ɗaura masa zane a ƙugu, amma ba kowane zane ba, na mace wadda ta haihu da yawa. Sai ki yi masa magana, ki ce ke mace ce, ki daina wannan shiririta. Kunya za ta kama shi ya yi 'ya'ya. Kakata ta yi, na sha gwandar da bakina."

Jama'a, da kun ga yadda na dawo gida. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na manta sabulun ma a kan benci. Ashe abin yana da magani, kuma maganin ba na saye ba. In Mama ta dawo ta ga alamar canji, ko ɗan ƙullin ɗa guda, ai dole a ɗaga wa gwanda ƙafa. (Yadda ɗa zai ƙullu tsakanin safe da la'asar, wannan ban tsaya tambayar kaina ba. Mai murna ba ya lissafi.)

Saura zane. Nawa ba zai yi ba, haihuwa ɗaya, ita ma bakwaini. Mace mai yawan haihuwa a gidan nan ita ce Mama, tara ta haifa kuma duk suna raye. Sai dai zannuwanta suna cikin akwati, makulli a ƙugunta. Da na zaga bayan gida ranar Juma'a da yamma, me zan gani a kan igiya? Zanen zumuntarta, an wanke shi an shanya saboda taron gobe. Na tsaya ina kallonsa kamar an saukar mini da shi daga sama. Zanen mai 'ya'ya tara, kuma zanen da ya sha addu'a shekara da shekaru. Na ce wannan ko dutse aka ɗaura wa sai ya yi jego.

Dabarata mai sauƙi ce. Mama takan tafi niƙa da safe, taro kuma sai bayan azahar. In ara, in ɗaura, gwanda ta ji abin da za ta ji, in mayar kan igiya. Ba wanda zai sani sai ni da Allah da gwanda.

Asabar da safe na yi wa Ayuba wanka, na ba shi nono, ya yi barci. Mama ta ɗauki kwanon dawa ta fita. Baba, surukina, tsohon soja, yana gindin mangwaro a ƙofar gida yana wasa adda a dutse, yana ba wani mai wucewa labarin yadda ya yi wa wani babban hafsa gyaran fareti. (Labarin nan na ji shi ya fi a ƙirga. Har awakin gidan sun san inda ake dariya.) Ƙarar addar nan, shaf, shaf, ita ta ƙara mini sauri.

Na ɗauko ƙusa da dutse na buga a wuyan gwanda, ina ba ta haƙuri. Na ciro zane daga igiya na ɗaura mata, na yi masa ɗaurin manya, na soke gefe. Na ja da baya na duba. Wallahi ya yi mata kyau. Sai na ga ai zane ba kallabi bai cika mace ba, na ruga ɗaki na ɗauko kallabin aurena na naɗa mata a ƙarƙashin ganye. Na sake dubawa, na ce in za ka sha giya sha ta dubu, na ciro jigidata na zagaya mata. Na kawo 'yan kunne na rataya a sillen fure. Har da hoda na shafa mata kaɗan a inda na ga ya kamata fuska ta kasance. Maman Ebuka ba ta ce a yi duk wannan ba, ni ce na ga in an ƙara ba zai ɓaci ba.

Daɗi ya kama ni. Na zagaya ta ina 'yar rawa, ina guɗa ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Sannan na durƙusa a gabanta, na kama bakin zanen da hannu biyu, na fara aikin magana.

"Haba amarya, haba 'yar gidan mutunci. Dubi yadda kika yi kyau. Ke mace ce, kin ji ko? Wa ya ce miki ke namiji ce? Maƙiya ne. Ki rufa mini asiri ki yi ko ɗa ɗaya, ko ƙarami ne, mu kunyata masu adda."

"Salamu alaikum," aka ce a bayana.

Na waiga a durƙushe. Rifkatu ce, sanye da farar riga irin ta likitoci. A gefenta wata mata mai tabarau da mayafi, daga gani babba ce. A bayansu ɗalibai, maza da mata, wani riƙe da kular ƙanƙara, wata riƙe da almakashi. Duk idonsu daga kaina ya koma kan gwanda, daga gwanda ya dawo kaina.

"Dakta," in ji Rifkatu, tana danne dariya, "ga... ga namijin da na ce miki."

Malamar tasu ta gyara tabarau. Ta dubi kallabi, ta dubi jigida, ta dubi hoda.

"To," ta ce a hankali, "ko mun zo ba a kan lokaci ba? Kamar ana biki."

Wani ɗalibi ya juya ya ba mu baya, kafaɗunsa na girgiza. Na yi niyyar miƙewa, gwiwata ta ce ba da ita ba. Ina cikin neman abin da zan ce, sai na jiyo muryar Mama daga tsakar gida tana tahowa.

"Ni dai a nan na shanya shi. Iska ba ta ɗaukar zane ta bar tsummokara. 'Yar nan, ba ki ga zanen..."

Ashe an canza tsari, za su biya gaida wata marar lafiya kafin taro, don haka ƙawayenta biyu suka biyo mata tun da hantsi. Su biyun sun sha anko tsaf. Mama kuwa rigar zumunta a sama, tsohon zanen niƙa a ƙasa, gari har gira. Suka zagayo kwanar ɗaki, suka tsaya. Mata uku masu anko a bayan gidan nan: ƙawayen Mama biyu, da gwanda.

Sai a lokacin na lura da abin da ƙusa ta yi. Farin ruwan gwanda, mai kaurin nan kamar nono, ya biyo jikinta ya gangaro ya jiƙa zanen daga ƙugu har cinya.

"Mi ne ne wannan?" in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba, kuma shi ya fi ban tsoro.

Ɗaya ƙawar tata, Mama Saratu, ta ce, "Sabuwar mamba muka yi, ba a sanar da mu ba?"

Ɗalibai suka kasa riƙewa. Ni kuwa da na ga ba mafita, sai bakina ya ɓalle. Na faɗi komai, ina kuka ina haɗiyar majina: cibiyar Ayuba da ke ƙarƙashi, gobar innata, lemon yayana, adda, Maman Ebuka da kakarta. Na ce duk abin da ya samu itacen nan ina tsoron ya samu yaron, shi ya sa nake so ta koma mace ta tsira.

Mama ta saurare ni har ƙarshe. Ta riƙe haɓa. Ku sani, ita Mama "angona" take ce wa Ayuba, irin wasan kaka da jika.

"Tsaya in gane," ta ce. "Kin ce abin da ya samu gwanda shi ke samun yaro."

"Ee, Mama."

"Kuma tun safe kina nan kina roƙon gwanda ta koma mace."

"Ee, Mama."

"To angon nawa fa? Amarya kike so ki mayar mini da shi?"

Jama'a, kwana nawa ina shirya abin nan, ko sau ɗaya tunanin bai gifta mini ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ƙusa ta shiga. Zane mai addu'a ya yi aikinsa tun ɗazu. Na ce mata ke mace ce ya fi sau nawa, har da hoda. Gwiwar da ta ƙi tashi ɗazu ban san lokacin da ta miƙe ba. Na fizge zanen daga jikin gwanda, jigida ta tsinke ta watse, na ture mai kula, na faɗa ɗaki a guje. Yaro na barcinsa, na ɗaga shi, na kwance nafkin, na leƙa.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma murna ba ta shawara. Na fito da shi tsirara, na ɗaga shi sama a gaban Dakta, da ɗalibai, da matan zumunta, da Baba da ya zagayo riƙe da adda, na ce da iya ƙarfina:

"Yana nan! Mama, yana nan!"

Shi kuma Ayuba, da aka tashe shi daga barci aka ɗaga shi cikin iska, sai ya ga ya kamata ya kawo shaida. Ya saki fitsari, ya yi baka, ya sauka a kan zanen zumunta da na yar a ƙasa.

Ban taɓa ganin manya sun yi dariya irin ta ranar ba. Mama Saratu ta zauna daɓas a kan turmi tana share hawaye. Rifkatu ta rungume bango. Baba ya ce, "Soja ne, harbinsa ba ya kuskure." Mama ta yi ta cije leɓe, ta yi ta cijewa, ƙarshe ita ma ta sake. Ni dai na tsaya da yaro a hannu ina roƙon ƙasa ta taimaka ta buɗe.

Dakta ce ta cece ni. Ta karɓi Ayuba ta yi masa wasa, ta ce ita ma da ɗanta na fari har madubi take kai masa hanci in yana barci. Ta ce in zauna, ta tsinko ganyen gwanda guda ta riƙe.

"Maman Ayuba, ki kwantar da hankalinki. Ko zannuwan Zuru duka kika ɗaura, ba za su kai inda abin yake ba. Ganyen nan, da jikin ɗanki, an gina su da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. A kowane ɗaki akwai zaruruwa, a jikinsu aka rubuta yadda halitta za ta kasance. Shi ne DNA da kike ji ana faɗi. Biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In za a yi sabon iri, kowane zare yakan jeru da ɗan'uwansa su yi musayar guntaye, kamar maƙwabta masu musayar irin shuka. To akwai biyun da ke raba namiji da mace. Mace tana da iri ɗaya guda biyu, muna ce musu X. Namiji yana da X ɗaya da wani daban, Y. A jikin Y ɗin akwai yankin da ya daina musaya tun da daɗewa, ya kulle ƙofarsa. Akwai kuma wasu guntayen rubutu masu son kwafar kansu, abu ɗaya su yi ta maimaitawa. Ko'ina akwai su, amma inda aka kulle ƙofa ba mai share su, sai su taru su yi tsibi."

"Kamar siton Mama," na ce, kafin in kama bakina. (Mama tana da sito da ba mai shiga sai ita, cike da gwangwanayen madara, duk iri ɗaya, duk ba komai a ciki, kuma kullum ƙaruwa suke.)

Mama ta harare ni. Dakta ta ce, "Ban ga siton ba, amma kin kama hanya. Na gwanda sabon kulle ne in aka gwada da namu, wurin yana kan kumbura da tarkace. Namu na mutane ya tsufa, ya zubar da yawancin abin da ya taɓa ɗauka ya koma ɗan guntu, abin da ya rage ma mafi yawansa maimaici ne. Shi ya sa muke bin gwanda, tana nuna mana ƙuruciyar abin da ya tsufa a jikinmu. Rifkatu kuma so take ta riƙa gane namiji daga ganye tun yana ɗan tsiro, kada manomi ya yi ta ban ruwa wata da watanni. Mun zagaya gari, duk an sare mazan."

"Ashe a jikinsu abin yake," in ji Mama Saratu, tana satar kallon Baba. "Shi ya sa labari ɗaya ba ya ƙarewa."

"Wannan ba ya cikin karatunmu," in ji Dakta.

Baba ya ce ai maganar maimaici ta tuna masa da wani fareti. Mama ta ce ya bari sai baƙi sun ci abinci.

Na yi ƙarfin hali na yi tambaya kan gwandar da Maman Ebuka ta sha. Dakta ta ce ba ƙarya ta yi ba, wani lokaci namijin gwanda in an yanke kansa ko yanayi ya canza yakan yi 'yan 'ya'ya, amma zarensa na ciki yana nan yadda yake. Sannan ta nuna gwandojin Mama na bakin makwarara, ta tambaya ko haka suke ɗauka kullum. Mama ta ce a'a, da zubar da 'ya'ya suke yi tun suna ƙanana, bana ne suka riƙe. Dakta ta ce mai yiwuwa aikin wannan ne, ƙwarin da ke zuwa da yamma su ke kai musu garin furensa. Na dubi gwandojin nan, 'ya'ya sun yi musu cincirindo a wuya. Ashe itacen Ayuba da nake yi wa kukan rashin haihuwa ya riga kowa tara iyali.

Suka yanki ganyensu suka sa a kula, suka ɗaura wa itacen wata 'yar alama, Dakta ta roƙi a bar musu shi. Mama ba ta ce ee ba, ba ta ce a'a ba. Ta ari zane a maƙwabta ta tafi taronta, ni kuma na wuni ina dirzar nata. Fitsarin ya fita. Tabon gwanda ya ce ya zo kenan.

Da la'asar ta dawo ta same ni a bakin igiya. Ta ɗaga zanen ta dubi tabon ta daɗe.

"Mi ya hana ki gaya mini cibiyar tana wurin?"

"Na ji tsoro, Mama. Kin ce ba kya son camfi."

"Har gobe ba na so. Lafiyar yaro tana hannun Allah, sai nono da allurar rigakafi, ba a gindin gwanda ba." Ta ninke zanen, ta sa tabon a ciki. Sannan ta ɗaga murya wajen gindin mangwaro. "Baban Rifkatu, mayar da addar nan ɗaki. Ba a sara inda cibiyar angona take."

Gwanda tana nan, ta wuce rufin ɗaki, ba ta taɓa yin ko ɗa ɗaya ba, kuma ba wanda ya ƙara yi mata gori. Barkono a tsohon bokiti aka dasa shi. Mama tana ɗaura zanenta da tabon a ciki, sai dai in iska ta ɗaga shi a coci takan waigo ta nemo ni da ido. Ayuba yana gudu yanzu, shi ke korar awakin. Na rage zuwa asibiti, nas har ta aiko a tambaya ko lafiya.

Abin da na koya, kafin ka durƙusa kana roƙon abu, ka fara tambayar kanka in an ba ka ina za ka kai shi. Na biyu, zanen suruka ba ya aruwa, ko na minti biyar ne.

Kalmomin da na yi muku alkawari kuwa, kun riga kun ji su. In na fito da bokiti, tun daga nesa matan layinmu za su ce, "Maman Ayuba, yana nan?" Da ina sunkuyar da kai. Yanzu cewa nake, "Yana nan, ya ce a gaishe ku." Kuma tsakanina da ku, in ina yi masa wanka, har yau nakan ɗan duba.